Ranar da Aka Saki Makiyayi

Lindsay Trethowan bai taɓa ganin kwamfutar da yake aiki da ita ba, amma duk cibiyar binciken nan ta gwamnati da ke bayan Adelaide an yarda babu wanda ya san ta kamarsa. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana yaro. Mahaifiyarsa ce ta karanta masa littattafan lissafi daga sakandare har ya gama jami'a, baiwar Allah da ba ta san abin da take karantawa ba, in ta zo kan alamar da ba ta san sunanta ba sai ta ce "ga mai kama da ƙugiyar nan ta sake dawowa." Yana ƙaunarta, kuma ya tsani kowace sa'a ta wannan karatu, don ita tana gajiya shi kuma yana jira. Ranar da aka binne ta ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara zama yana jiran wani ya karanta masa aikinsa ba.

Tsohuwa ce ta cika masa wannan alkawari. Haka suke kiran kwamfutar, wadda ta cinye ɗaki guda ita kaɗai, da akwatunanta na ƙarfe da fankokinta da zafin da take fitarwa. Injiniyoyin da suka haɗa ta sun jona mata wata 'yar lasifika don su ji in ta tsaya. Duk umarnin da ta bi sai lasifikar ta yi ɗan ƙas, kuma da yake dubbai take bi kafin ka ƙifta ido, sai ƙas-ƙas ɗin ya haɗu ya zama sauti, ya hau ya sauka gwargwadon abin da take yi. Sauran ma'aikata iyakar abin da suke ji shi ne tana tafiya ko ta tsaya. Lindsay kuwa yana jin inda take. Yana jin ta shiga ninka lambobi, ta fito, ta koma baya, ta tsallake layin da bai kamata ta tsallake ba. Da kansa yake huda katunan da ake ba na'urar umarni da su, ya bi ramukan da yatsa ya tabbatar, ya miƙa wa Clarrie Nankervis mai kula da na'urar, ya ja kujera gindin lasifika ya karkata kai. In wani wuri ya ɗaure masa sai ya sa a rage mata gudu, ya riƙa danna maɓalli tana tafiya taki ɗaya-ɗaya har ya cafke kuskuren. Amsa kuma a kati take huda masa, ya karanta abinsa da yatsa. Clarrie yakan ce mutumin nan ba lissafi ya karanta a jami'a ba, gulma ya karanta, shi ya sa ko Tsohuwa ba ta iya ɓoye masa sirri.

Ba za a ce Lindsay mutum ne mai sauƙin kai ba. Ya sha wuya kafin ya kai inda ya kai, kuma bai ga dalilin da zai yi haƙuri da waɗanda ba su sha ba. Tsarin aiki a lokacin, wato farkon shekarun 1960, shi ne kowa ya kama lokacinsa a allo, in lokacin ya yi ya shiga da katunansa, Tsohuwa ta zama tasa shi kaɗai. To mafi yawansu tun a farko aikin yake faɗuwa, sai su ƙarasa sauran lokacin suna kallon fitilu suna sosa ƙeya, na'ura tana zaune shiru. Wannan shirun yana ci wa Lindsay rai, don shi ya fi kowa jin sa. Yana ofishinsa ta bayan bango zai ji lasifika ta yi tsit, sai ya ɗaga murya ya tambayi wane gwani ne yau ya sa Tsohuwa barcin rana.

A ɗakin shan shayi ya fara kawo maganar, a gaban Dakta Penhall shugaban sashen.

"Dakta, ciwon Tsohuwa ba wayoyin cikinta ba ne, mu ne. A kore mu daga ɗakin nan, a sa mata wanda zai riƙa ba ta aiki ba tare da ya tsaya sosa ƙeya ba."

Aka yi dariya, amma shi da gaske yake. Abin da yake nufi manhaja ce da za ta zauna a cikin na'urar dindindin, ita za ta karɓi ayyuka, ta jera su, in wannan yana jiran tef ɗin ajiye bayanai ya juyo ta ba wancan dama, ta riƙa raba musu lokaci ƙanana-ƙanana yadda Tsohuwa ba za ta sake zama ba. Dakta Penhall ya ɗauki maganar har Canberra, babban birnin ƙasar, ya dawo da izini, bayan ya yi wa manya alkawarin daga ranar da abin ya tashi sauran ma'aikatu ma za su aiko da nasu lissafin, kuma na'urar ba za ta tsaya wa kowa ba. Aka haɗa Lindsay da Beryl Kowald, 'yar manoman inabi daga kwarin Barossa, ita kaɗai ce a sashen take iya ce masa ya yi kuskure ta kuma zauna lafiya. Ita ta raɗa wa manhajar suna Makiyayi, ta ce ai aikinsa ke nan, ya kora garke ta ƙofa ɗaya ba tare da sun tattake juna ba.

Fiye da shekara suka yi a kansa. Lokacin gwaji a wurin Tsohuwa tsada gare shi, ba wanda zai ba ka aikinsa na gaske ka yi wasa da shi, don haka Lindsay ya rubuta wani ɗan ƙaramin aiki da ba ya komai sai ƙirga, suka kwafe shi da yawa, suna kiran su 'yan raguna. Da su suka yi duk gwajin. Makiyayi ya kora wannan rago ya saki wancan, lasifika tana rera sautinta tsaf, sai wata 'yar shaƙuwa da take yi duk lokacin da aka sauya. Lindsay yana son shaƙuwar nan. Yakan ce wa Beryl ta saurara, ga ɗansu yana numfashi, ita kuma ta ce in dai ɗansu ne to bakin uban ya ɗauko.

Ranar Juma'a aka sa za a sake shi, cikin watan Fabrairu, ana wani zafi da ko ƙuda ya nemi inuwa. Baƙi suka zo daga Canberra cikin kwat suna ta zufa. Matan ofis sun jera shayi da kek mai kwakwa a baranda. Tun makon da ya wuce kafintoci suka gama sabon bango a bakin ɗakin na'ura, da taga da kantoci inda za a riƙa ajiye katuna a karɓi takardu. Lindsay ya ji bugun gudumarsu, ya shaƙi fentin, har ya shafa katakon tagar ya yaba. Ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa tagar nan har da shi aka yi wa ba.

Ya zauna a kujerarsa gindin lasifika. Clarrie ya loda tiren katuna na farko, ayyuka na gaske yau: lissafin iskar sama, na ingancin ulu, na cikar teku da janyewarsa a mashigin ruwa, da wasu. Beryl ta danna maɓalli.

Abin da ya fito daga lasifikar ba sauti ba ne. Wani cuuu ne mai ƙaiƙayi a kunne, kamar an watsa jiƙaƙƙiyar albasa cikin tafasasshen mai, ba hawa ba sauka, ba inda ya fara ba inda zai ƙare.

Da farko ya ɗauka takardar lasifikar ce ta yage. Ya kai hannu ya taɓa ta, lafiyarta ƙalau, tana rawa ƙarƙashin yatsunsa. Ya matso da kunnen dama, ya juya na hagu. Ya nemi ninkawa, ya nemi komawa baya, ya nemi kowane abu guda da ya sani, bai samu ba. Sai ya gane abin da ya faru. 'Yan raguna duk muryarsu ɗaya, ko ka yanka ka cakuɗa su abu ɗaya za ka ji. Ayyuka na gaske kuwa kowanne da tasa murya, ga Makiyayi yana daddatsa su yana sauyawa da saurin da kunnen ɗan Adam ba zai iya rabewa ba. Haka aka tsara shi ya yi. Kuma shi Lindsay ne ya rubuta wannan ɓangaren da hannunsa, har ya hana Beryl taɓawa saboda alfahari. Shekara guda yana gina abin, yana sauraronsa kullum, yana yi masa kirari, bai taɓa tambayar kansa da me zai yi aiki ranar da aka gama ba.

Yana jin injin buga takarda yana ta sassarfa ba tsayawa, yana jin tef yana juyawa, baƙi suna 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Ɗakin da ya fi sani a duniya, ya ji kamar yau aka fara kawo shi.

Sai ga muryar Dakta Penhall a kansa, cike da fara'a, yana gabatar da shi ga baƙi. Ya ce wannan ne Mista Trethowan da ya ba su labari, su sauran sai sun jira takarda, shi kunnensa ya ishe shi.

"To Lindsay, me Tsohuwa take cewa?"

Aka yi shiru ana jiransa. A cikin shirun nan ya ga wata ƙofa a buɗe, kuma ya ji kunyar yadda ya yi saurin ganin ta. In ya ce akwai matsala, babu mai musa masa. Ba a taɓa kama kunnensa da ƙarya ba. Za a kashe Makiyayi, a ba baƙi haƙuri, a koma tsohon tsari kafin a gano abin, shi kuma ya san yadda zai sa a daɗe ba a gano ba. Wata shida, shekara, wa ya sani. A gefensa yana jin Beryl ta riƙe numfashi, sabon takalminta yana 'yar ƙara saboda ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. In ya ce akwai matsala, a ɓangarenta za ta fara nema, don ba za ta taɓa zargin nasa ba.

Ya sake karkata kai, ba don yana sa ran komai ba. Can ƙarƙashin cuuu ɗin ya tsinci abu ɗaya, 'yar shaƙuwar nan, tana zuwa a kan kari ba ta kuskure. Ita kaɗai ta rage masa. Makiyayi yana kora garkensa yadda aka koya masa.

"Yana aiki, Dakta," in ji shi. "Babu abin da ya same shi."

Aka tafa. Wani baƙo ya kama hannunsa ya girgiza ba tare da ya gaya masa ko shi wane ne ba. Aka ɗunguma baranda wurin shayi, shi bai tashi daga gindin lasifika ba.

Clarrie ne ya fara lura. Ya zo da kek a hannu yana cewa mutumina yau ai sai ka saya mana giya, sai ya ga fuskarsa ya katse maganar. Lindsay ya tambaye shi shi me yake ji a lasifikar. Clarrie ya ce hayaniya mana, dama shi kullum hayaniya yake ji.

"Nima yau ita nake ji, Clarrie."

Sannan Lindsay ya ji ƙarar faranti an ajiye shi a kan akwatin na'ura, abin da Clarrie yake korar mutane daga ɗakin a kai. Clarrie ya ce a hankali, "Kai. Kai, Lin. Mu duka muna nan, ba wanda ya..." Bai ƙarasa ba.

Da baƙi suka tafi, Lindsay ya tare Dakta Penhall a ofishinsa ya faɗa masa kai tsaye cewa kunnensa ya daina gane Tsohuwa. Dattijon ya zauna daɓas, ya ce ya rantse abin bai taɓa zuwa masa a rai ba, kuma muryarsa ta nuna gaskiya yake faɗa. Lindsay ya roƙi sa'a ɗaya a mako, a tsayar da Makiyayi, a bar shi da Tsohuwa kamar da. Bai saba roƙo ba, maganar ta fito masa a karkace. Dakta ya yi ta juya alƙalami a kan tebur. Ya ce ya riga ya sa hannu, an raba lokacin na'urar kaf har ƙarshen shekara, tsayar da ita yana nufin a zubar da layin ma'aikatu huɗu, kuma in aka ba mutum ɗaya gobe duk sashen za su zo da nasu dalilin. Ya ce hujjar da ya kai Canberra ma ai ta Lindsay ce, kusan kalma da kalma. Bai faɗi haka don ya ci masa fuska ba, shi ya sa ta fi zafi. Daga ƙarshe ya ce kada ya damu, aikinsa yana nan, za a duba ko cikin 'yan mata masu buga tafireta akwai wadda za a riƙa ara masa ta karanta masa takardu in ta samu sarari.

Bayan cin abincin rana Lindsay ya yi abin da kowa ya yi. Ya ɗauki katunan wani aiki da yake kai, ya bi layi, ya tura su ta taga. Kafin a tashi suka dawo tare da takarda. Aikin ya faɗi, wanda ba wani abu ba ne, aiki yakan faɗi. Amma dokar Makiyayi ita ce in aiki ya faɗi ya zazzage duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura a takarda, lambobi zalla, mai aikin ya je ya nemi kuskurensa a ciki. Da a kati za a huda masa su, da sun cika akwati, ya share mako yana shafawa. Ya karɓi ƙunshin da ɗuminsa, mai kauri kamar bulo. Ya bi shafin farko da yatsa, sumul.

Beryl ce ta raka shi tashar jirgin ƙasa da yamma, kamar yadda takan yi in hanyarsu ta zo ɗaya, yana riƙe da gwiwar hannunta, ƙunshin takardun a hammatarsa. Clarrie ya riga ya gaya mata. Suka fito daga sashen suka wuce get. Sai da suka kai rabin hanya abin ya ɓalle mata. Ta ce ita ce sakarya, ita da take da ido ta ga yana jingine da lasifikar nan kullum, ta ga ana gina tagar, ta ma taya su zaɓen fenti. Ta ce ba wata 'yar tafireta da za ta karanta masa, waɗanda ba su san bambancin sifili da harafi ba. Ita za ta karanta. Ta san inda ake dubawa, ta san yadda kansa yake aiki, abin da zai ɗauki wata yini guda ita kafin shayi ya huce sun gama.

Ya so ya ce a'a. Kalmar tana bakinsa, ya ma shirya baƙar maganar da zai haɗa da ita. Amma ya auna ya ga babu wani abu a bayan a'a ɗin, sai gida da rediyo. Kuma in dai sai an karanta masa, to gara Beryl, wadda za ta yi masa gardama tana karantawa. Ya ce to, ya gode.

Daɗi ya kama ta, ta ɗora hannunta na hagu a kan nasa da ke riƙe da ita, ta matse. Wani abu mai sanyi ya taɓa bayan yatsunsa, ƙarfe ne siriri da ɗan dutse a kai.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Beryl, wannan fa?"

Ta fizge hannun, amma ya riga ya ji. Dokar aikin gwamnati ce, babu wanda bai san ta ba: ranar da mace ta yi aure, ranar ta ajiye aiki. Shi ya sa 'yan matan cibiyar suke ɓoye zoben baiko a jaka, sai sun fito get su zura shi. Ita ma haka ta yi yau ba tare da ta san ta yi ba, hannu ne ya saba.

Sai ta gaya masa. Wani malamin makaranta ne daga garinsu, Ivan Noack, tun Kirsimeti aka yi maganar. Ta so ta bari a saki Makiyayi tukuna, don ta san in Dakta ya ji zai cire ta daga aikin kafin a gama.

"Yaushe ne?"

"Bayan Ista, nan da wata biyu." Ta ja numfashi. "Lin, wallahi da gaske nake da na ce zan karanta maka. Mantawa na yi. Ina maganar nan na manta gaba ɗaya."

Ya yarda da ita, kuma shi ne ya fi kowa sanin yadda ake irin wannan mantuwa. Ya ce Allah ya sanya alheri, ya ce malamin makarantar nan bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da jan hanci. Suka ƙarasa tasha a hankali, jirgi bai zo ba tukuna, ta kai shi benci suka zauna. Mutane suna ta kai da kawo, wani yana sauraron wasan kurket a ƙaramar rediyo.

Lindsay ya zaro ƙunshin takardun daga hammatarsa, ya daidaita gefensu a kan gwiwa, ya miƙa mata.

"To fara," in ji shi. "Daga shafin farko, a hankali. Kafin Ista sai ki koya mini abin da zan riƙa ce wa wadda za a aro mini ta duba."

Ta buɗe. Ta soma kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya haɗa hannuwansa a kan sandarsa yana jira.